Babban Gwani Maginin Zazzau, da Iskar da Muke Shaƙa a Ofis

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ya yi tambaya, za a nuna masa wata unguwa da ake ce wa Babban Gwani. A fadar Sarkin Bauchi ma akwai tsohon soro mai wannan suna. Asalinsa laƙabin mutum ɗaya ne, wani magini da ya yi zamani a ƙarni na 19, wanda Zazzagawa suka sani da Malam Mika'ilu, mutanen ƙasar Bauchi kuma suka fi kiransa Muhammadu Durugu. Shi ne ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda masana tarihin gine-gine ke ɗauka a matsayin ƙololuwar ginin ƙasa a ƙasar Hausa.

'Yan'uwa ɗalibai, tarihin wannan bawan Allah nake so in kawo mana a wannan fitowa. Mu da ke karatun gini da zanen gini da ƙididdigar kayan aiki, kakanmu ne a sana'a, ko mun sani ko ba mu sani ba. Ku kuma 'yan akanta da masu karatun gudanar da ofis, ku ne za ku zauna awa takwas kullum cikin abin da za mu gina muku. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: mutum kan shiga soron da aka gina shekara 150 da suka wuce ya zauna ya sarara, amma ya shiga ofishin da aka buɗe watan jiya ya fito da jan ido da ciwon kai. Ina ganin rayuwar Babban Gwani za ta taimaka mana mu gane dalili.

Ya tashi ne a lokacin da ƙasar Hausa ke sake zama bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Zazzau ta shiga hannun masu jihadi a 1808, Malam Musa ya yi sarauta, Yamusa ya gaje shi a 1821, sannan a 1834 sarauta ta faɗo kan Abdulkarim, wanda ya kafa gidan Katsinawa a sarautar Zazzau, ya yi mulki har 1846. Mu 'yan jihar Katsina sai mu ɗan gyara zaman hula a nan, domin a zamanin namu ne aka yi masallacin. Sababbin sarakunan nan malamai ne, abin da suka fi buƙata shi ne babban masallaci da zauren shari'a da fada, waɗanda za su nuna wa kowa cewa sabon zamani ya zo. Aiki ya samu ga magina, kuma a cikinsu aka sami wanda ya yi wa saura zarra.

Gini a wancan lokaci sana'ar gado ce, tana da shugabanta, Sarkin Magina. Yaro kan fara da ɗebo ruwa da taka ƙasa. Ya daɗe a nan kafin a bar shi ya mulmula tubali. Ya sake daɗewa yana cilla tubali ga maigidansa da ke zaune bisa katanga kafin a ce masa ya hau ya jera. Azara kuwa sai wanda ya goge yake taɓa ta. Wannan ita ce makarantar kowane magini, ba difloma, ba bikin yaye ɗalibai. Sunan gwani kuma ba a gadonsa, jama'a ne ke ba mutum idan suka ga ya yi abin da ya gagari wasu. Wanda aka ce wa Babban Gwani kuwa, ai gwanaye ne da kansu suka sallama masa.

To, da me yake gini? A nan nake so mu ɗan daɗe. Ƙasa ce, jan birji da ake haƙowa a kududdufi. A jiƙa ta, a zuba mata ciyawa irin datsi, a yi ta takawa, a bar ta ta kwana, a sake jiƙawa a sake takawa, ana haka kwanaki har ta yi danƙo. Da ita ake mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. In ya bushe a jera shi tsini sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Katanga kan fara da kauri sosai daga tushe, ta riƙa sirancewa tana hawa. Rufi kuma azara ce, wato giginya da aka tsattsaga, namijin giginya aka fi so don gara ba ta cinsa. A shimfiɗa zana ko asabari a kai, a ɗora ƙasa. Don kada ruwan sama ya cinye ginin sai a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara. Ciki a shafa farar ƙasa. Daɓe kuma aikin mata ne, su taru da madaɓai suna bugu suna yayyafa ruwan makuba.

Ɗan'uwa, sake duba jerin nan. Babu abu ɗaya a ciki da maginin bai san inda ya fito ba. Ya san kududdufin, ya san marinar, ya san dajin da aka saro giginyar. Yana murza ƙasa a tafin hannu ya gane ko yashi ya yi mata yawa. Laso dai ba turare ba ne, wannan gaskiya ce, amma a waje ake shafa shi, warinsa kuma yana tafiya da bushewa. Da zarar gini ya sha rana ya bushe, ba wani gam ko mai da ya rage a jikinsa da zai riƙa tashi cikin ɗaki wata da watanni.

Wahalar azara ita ce ba ta jure tazara. In tsakanin bango da bango ya wuce kamar mita 2, nauyin ƙasar rufi kan lanƙwasa ta. Shi ya sa ɗakin talaka ƙarami ne. Dabarar da magina suka samo ita ce baka. A kafa azara a jikin bango ta ɗan karkato ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe. A ɗora wata a kanta ta ƙara karkatowa. Haka daga wancan ɓangare ma, hawa-hawa, har su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. In aka gitta bakuna suka haɗu a tsakiya suka ɗauki tulluwa, shi ake kira ɗaurin guga, kuma mu da muka taso muna ganin guga a bakin Kusugu ba sai an yi mana dogon bayanin sunan ba. Da wannan dabara ake samun ɗaki mai faɗin da ya kai wajen mita 8 ba ginshiƙi a tsakiya. Wanda ya taɓa samun shiga tsofaffin sorayen fadar Sarkin Daura ya ɗaga kai, ya ga irin aikin.

Malam Mika'ilu ya tarar da baka, abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba wanda ya kai ta. Masallacin da ya gina a Zariya wajen ƙarshen shekarun 1830 gari guda ne: haraba da katanga ta kewaye, ƙofofin shiga masu wurin alwala, zauren shari'a, sannan ɗakin salla. Daga waje ginin ba ya da wani kwarjini, ƙasa ce kawai da tulluwa marasa tsayi. Sai ka shiga. Manyan ginshiƙan ƙasa, bakuna na tsirowa daga jikinsu kamar rassan itace, suna gittawa suna haɗuwa can sama, azara a jere tsakaninsu. A jikin ginshiƙan ya yi zane da hannu tun ƙasa na ɗanye, tsagi mai zurfi da da'ira da kusurwa uku, ba yawa, ba almubazzaranci. Ni a ganina wannan kamun kai shi ne babbar shaidar gwanintarsa. Ƙaramin gwani da ya cika ko'ina da zane don a yaba masa.

Labarin da ake bayarwa a Zariya shi ne da dare yake gini. Da rana ma'aikata, akasarinsu bayi, su kwaɓa ƙasa su tara tubali, in dare ya yi shi kuma ya hau, gari ya waye a ga gini ya tashi. Daga nan mutane suka ce da aljanu yake aiki. Ni dai ina ganin mai sana'a ne da ba ya son a kwashe masa sirri, kuma ƙasar da aka ɗora da sanyin dare ba ta saurin tsagewa kamar wadda rana ta daka tun tana ɗanya. Kada kuma mu manta da waɗancan bayin Allah da suka taka ƙasar, waɗanda ba wanda ya riƙe sunansu.

Yanzu batun iska. Ginin Babban Gwani yana da tsawo daga ciki, iska mai zafi da numfashin jama'a kan tashi sama su bar mutane a ƙasa, ƙofofi da 'yan kafofi kuma na ba su hanyar fita. Kaurin bango na da nasa aiki: rana na dukansa tun safe, amma zafin ba ya ratsawa ciki sai bayan awoyi, lokacin da waje ya riga ya fara sanyi. Ita kuma ƙasar da ba a gasa ba tana shan laima in iska ta yi danshi, ta sake ta in iska ta bushe. Wanda ya taɓa fakewa a zauren tsohon gida a cikin garin Daura da azahar a watan Afrilu ya san abin da nake faɗa. Tun da ɗakin da kansa yana da sanyi, ba wanda ke da dalilin toshe shi.

Abin sha'awa, a daidai wannan zamani akwai wani masanin sinadarai a birnin Munik na Jamus, Max von Pettenkofer, wanda ya rayu daga 1818 zuwa 1901, shi ma wannan tambaya ce ta dame shi. A 1858 ya wallafa bincikensa kan yadda iska ke sauyawa a cikin gidaje. Ya auna iskar kabon dayoksaid da mutane ke fitarwa, ya ce in ta wuce kashi 1 cikin 1,000 na iskar ɗaki, to ɗakin ba ya samun sabuwar iska yadda ya kamata. Har yau injiniyoyi na amfani da wannan adadi. Ya kuma yi wani gwaji da ya shahara, inda ya hura iska ta cikin dunƙulen kayan gini ya kashe kyandir a ɗaya gefen, ya ɗauka bango na shigo da iska cikin gida. Waɗanda suka zo bayansa sun auna sun ga iskar da ke bi ta bango ba ta taka kara ta karya ba, ta ƙofa da taga da kafofi take shiga. Don haka in ka ji ana cewa ginin ƙasa na numfashi, laima ake nufi. Iskar shaƙa kam sai an bar mata hanya, kuma maginin Zazzau ya bar mata.

Sunansa ya wuce Zazzau. An kira shi ƙasar Bauchi, inda ake danganta masa soron nan na fada, da kuma Gidan Madaki a Kafin Madaki, wanda aka gina wajen 1860, shekara biyu ke nan bayan littafin Pettenkofer. Gidan na cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin Najeriya ta ayyana a matsayin abin adanawa na ƙasa. Ka yi tunanin tafiya daga Zariya zuwa Bauchi a lokacin, a ƙasa ko bisa doki, don kawai wani basarake ya ji labarin hannunka.

Kafin in kawo yadda ya ƙare, bari mu ajiye shi a Kafin Madaki mu leƙa abin da muke gini da shi yau, don a nan ne kwatancen yake. Daura ta ga sababbin gine-gine da yawa a 'yan shekarun nan, kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 2019, jami'ar sufuri, ofisoshi, bankuna, shaguna. Ba wanda zai ƙi wannan. Amma mu lissafa abin da ke cikin sabon ofis: bulo da siminti, fentin mai da aka sirka da tina, silin na roba ko na P.O.P., ledar ƙasa ko kafet da aka manne da gam, tebura da kabad na katakon MDF ko filawud, kujeru masu soso, labule, tagar gilas da ba a buɗewa, sai AC a bango. A cikin jerin nan, abu nawa ne wanda ya sa hannu a takardar kwangila ya san abin da ke cikinsa?

Lokacin da na je aikin koyon sana'a na SIWES, an ajiye ni a wani ofis da aka gama gyarawa sati biyu kafin zuwana. Komai sabo fil, wasu teburan ko ledarsu ba a ɓare ba. Kafin sha ɗaya na safe idona ya fara yaji, maƙogwaro na ƙaiƙayi, kai ya yi nauyi. Ba ni kaɗai ba. Wata baiwar Allah mai asma kullum abin shaƙarta na kan tebur. Kowa da abin da ya ɗora wa laifi, wannan ya ce zazzaɓi ne ke son kama shi, wancan ya ce kallon kwamfuta ne, a haɗiyi farasitamol a ci gaba da aiki. Wani ma cewa ya yi ai ƙamshin sabon wuri ne, mu gode Allah. Abin da na lura shi ne ranar Asabar da Lahadi garau nake, Litinin da hantsi abin ya dawo.

Wannan ƙamshin sabon wuri sinadarai ne ke tashi daga jikin kaya suna shiga iska. Babbansu shi ne fomaldihaid. 'Yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji sun san shi, shi ne ke cikin fomalin da ake ajiye kwaɗo da ɓera a kwalba. Katakon MDF da danginsa garin katako ne ko siraran falle da aka matse da wani gam mai ɗauke da fomaldihaid, kuma gam ɗin kan ci gaba da sakinsa a hankali, da yawa a watannin farko, kaɗan-kaɗan har shekaru. Yana sa yajin ido da hanci da maƙogwaro, yana tayar da asma. A 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, musamman na can bayan hanci. A 2010 hukumar ta ce kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace kubik mita ta iskar ɗaki, in aka auna na minti 30. Fentin mai da tina da gam ɗin kafinta kuma suna sakin toluwin da zailin, masu sa jiri da ciwon kai da kasala. Wani lokaci har da benzin, wanda ke da alaƙa da ciwon dajin jini, shi kam hukumar ta ce ba wani adadi nasa da za a kira lafiya lau.

Ga inda abin ya fi shafarmu: zafi da danshi na ƙara saurin tashin sinadaran nan. Teburin da zai yi ɗan wari a Jamus, in ka kawo shi Daura a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka kulle shi a ɗaki mai rufin kwano daga Juma'a da yamma zuwa Litinin, ai ka dafa shi ne. Ranar Litinin a buɗe ƙofa, a shiga, a rufe, a kunna AC. Mutane da yawa sun ɗauka AC na shigo da iska daga waje. Irin wanda aka fi sa wa a ofisoshinmu, mai kai a ciki da inji a waje, iskar ɗakin yake ja ya sanyaya ya maido. Zafi kaɗai yake fitarwa. Duk abin da fenti da katako suka saki, da numfashin mutum goma, suna nan suna zagayawa, sai dai da sanyinsu.

Turawa sun riga mu faɗawa wannan rami. Bayan tsadar man fetur ta 1973, a Amurka aka shiga toshe gine-gine don tsimin makamashi, aka rage sabuwar iskar da ake shigar wa kowane mutum zuwa kashi ɗaya cikin uku na da. Ba a jima ba ma'aikata suka fara koke. A 1984 wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mai yiwuwa har kashi 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka sabunta na da irin wannan matsala, aka raɗa wa abin suna ciwon gini. Alamarsa ita ce wadda na gani da kaina, ka shiga ka ji ba daɗi, ka fita ka warke. A 1989 aka mayar da ma'aunin sama, ofis ya koma wajen lita 10 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane mutum. Abin dariya abin tausayi, ita kanta Hukumar Kare Muhalli ta Amurka abin bai bar ta ba. A 1987 zuwa 1988 aka shimfiɗa sabon kafet a hedkwatarta da ke Washinton, ma'aikata da dama suka kwanta, daga baya sai da aka ɗaye shi. Bayan guguwar Katrina ta 2005 kuma, gwamnatin ƙasar ta raba wa waɗanda suka rasa muhalli 'yan gidajen tirela da aka yi cikinsu da irin wannan katako. Da aka auna sama da 500 daga ciki, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna fomaldihaid ɗinsu ya ninka na gidajen yau da kullum sau da yawa. A yankin ƙasar mai zafi da danshi aka ajiye su.

Ba cewa nake mu rushe bulo mu koma tubali ba, kada wani ya tare ni a kafteriya. Soro na da nasa aibi. Da yawa duhu gare su, ƙura na zuba, ɗakin kwanan da ba taga aka cika shi da mutane ga hayaƙin fitila da na turaren wuta ba abin yabo ba ne, kuma mun san yadda sanƙarau ke son cunkoso a lokacin zafi. Ginin ƙasa kuma kamar jariri yake, kowace shekara sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe kafin damina. Abin da nake ganin ya kamata mu ɗauko daga Babban Gwani shi ne sanin kaya da barin hanyar iska, kuma duka biyun ana iya yinsu da bulo.

Galibin gyaran ma ba ya cin kuɗi. Mai rubuta takardar kayan aiki na iya rubuta fentin ruwa don cikin ofis maimakon na mai, shi ma ba wai babu komai cikinsa ba, amma abin da yake saki bai kai ko kusa ba. Yana iya neman katakon da ke da alamar E1, wato ma'aunin Turai na ƙarancin fomaldihaid, ya kuma sa kafinta ya rufe duk gefen da aka yanka, don ta nan ya fi fita. Tayil da aka ɗora da siminti ya fi leda da gam. Sababbin tebura su yi makonni a baranda cikin inuwa kafin a shigar da su. Ginin da aka gama a bar shi a buɗe ya sha iska kafin a tare, ko da mai yanke ƙyalle na sauri. Mai zane ya sa taga a bango biyu masu fuskantar juna, da 'yan kafofi can sama kusa da silin, irin na kakanni. Wanda ya fara zuwa ofis da safe ya buɗe tagogi na ɗan lokaci kafin a kunna AC. Na san za a ce ƙurar hunturu fa? Raga da tsumma sun fi sauƙi a kan ciwon da ba ka san daga inda yake zuwa ba. Tsohon silin asbestos kuma, wanda ya cika tsofaffin azuzuwa da ofisoshi, nasa haɗarin daban ne, ƙurarsa ce ke lalata huhu, don haka kada a fasa shi ko a huda shi da mutane a ciki. Janareta a bakin taga kam ba sai na faɗa ba.

Mu koma ga gwaninmu. Labarin ƙarshensa da aka fi bayarwa ba mai daɗi ba ne. An ce Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci irin na Zariya. Ya gina. Da aka gama sarkin ya ga kyan abin, sai ya sa aka kashe shi, wai don kada ya je wani gari ya gina wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi kan manyan magina a ƙasashe da dama, kuma ko ba komai yana nuna yadda mutanen zamaninsa suka ɗauki hannunsa: abin da sarki zai yi kishi a kai. Zuriyarsa sun ci gaba da sana'ar a Zariya, unguwar da suka zauna ta ɗauki laƙabinsa.

Masallacin ya yi sama da shekara 100 ana salla a ciki ana yaɓe shi. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana zagaya Najeriya yana auna gine-ginen gargajiya, ya auna shi ya zana shi dalla-dalla. Aikinsa ya fito a littafi mai juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa, kuma shi ne ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwafin masallacin da girmansa na ainihi, kusa da kwafin ganuwar Kano da wani sashe na fadar Katsina. A shekarun 1970 aka yi wa na Zariya sabon gini na siminti da ya lulluɓe tsohon ɗakin salla, sauran sassan harabar suka tafi.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta kan masallata. Mutum aƙalla takwas suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Mai martaba Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa tun ranar Alhamis aka ga tsaga a bango, ana shirin kawo injiniyoyi su duba ke nan abin ya faru. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya jiƙan Malam Mika'ilu. Ɗalibin da ke son ya tsaya ƙarƙashin baka irin tasa ya ɗaga kai ya ja numfashi, akwai kwafin da ke Jos, akwai Gidan Madaki a Kafin Madaki. Ƙungiyarmu ta sha shirya tafiyar buɗe ido zuwa wuraren da ba su kai waɗannan ba, kuma daga Jos zuwa Bauchi tafiyar 'yan awoyi ce a mota.